Malam Haruna da Tafiyar Iya Gobe

Ranar Talata da hantsi labarin ya same ni a shagona da ke unguwar Bololo a N'Djamena. Wuta ta ɗauke tun safe, ina zaune gaban ordinata, wato kwamfuta, wadda ba ta da amfani ina fifita da kwali, sai ga Isiyaka, ƙanin matar Malam Haruna, ya tsayar da babur a ƙofa bai ko kashe shi ba. Ya ce Malam ya cika bayan asuba, za a yi masa sutura kafin azahar a gidansu na unguwar Ridina. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kulle shago na kama hanya, na dawo na ɗauki jaka, na sake fita, na sake dawowa in duba ko na kulle da kyau. Tun daga ranar haka nake. An yi addu'ar uku, an yi ta bakwai, jama'a sun watse kowa ya koma harkarsa, ni kuwa in na zauna sai in miƙe, in na miƙe in rasa abin da ya tashe ni. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani game da shi, ko zuciyata ta sami inda za ta tsaya.

Sunana Hajara. Ni ce na buga kusan duk littattafan da Malam Haruna ya rubuta, da farko a tafireta, daga baya a ordinata. Kafin nan ɗalibarsa ce. Mu 'ya'yan Hausawan N'Djamena a gida muke jin Hausa, a kasuwa mu yi Larabci, a lakwal, wato makarantar boko, mu yi Faransanci, kuma ba wanda ya taɓa nuna mana ana rubuta harshen iyayenmu da boko. Malam ya koyo haka a Maiduguri, inda ya zauna da ƙuruciya, ya dawo yana koyarwa a wata makarantar unguwa. Ranar Asabar da la'asar yakan shimfiɗa tabarma a tsakar gidansu ya koya wa duk mai so, kyauta. Ranar da na fara haɗa baƙi na karanta layi guda ba tuntuɓe, ya aika aka sayo mini karkanji, wato zoɓo, mai sanyi, ya ce yau an yi baƙuwa a cikin Hausawa.

Mutum ne da ba ya iya zama. In yana shifta mini labari, daga ƙofar shago zuwa gindin dalbejiya yake kai da komo, hannuwa a baya, yana magana da ƙarfi har masu wucewa su tsaya. Shayi ya huce a kofi sau da yawa, ya ɗauka ya kurɓa a sanyaye bai sani ba. In na karanta masa jimlar da ya faɗa ya ji ta cika ado, sai ya ce, "Wannan taƙama take yi, cire mata hula." Ni mai gajen haƙuri ce, kowa ya sani, kuma ya sha tsiwata. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Iyakarsa ya tsaya ya dube ni ta saman tabarau har in ji kunya da kaina.

A ƙarshen shekarun casa'in kaset-kaset ɗin bidiyo na Hausa suka fara shigo mana daga Kano. A cikinsu akwai jerin wasan wani direban babbar mota da ake kira Mantau, mai tsawon baki da farar zuciya, wanda yake jigilar kaya tsakanin Kano da Maiduguri da Cadi, kowane kaset kuma da irin rigimar da zai faɗa. Gidajen kallo na zana da ke unguwanni sukan cika maƙil, har waɗanda ba sa jin Hausa suna biya su shiga su yi dariya. Da kamfanin da ke yin wasan ya ga yadda ƙananan littattafai ke tafiya a kasuwa, sai ya so a riƙa fitar da labaran Mantau a rubuce tsakanin kaset da kaset. Sun so wanda ya san Cadi, domin Cadin da suke nunawa a wasan bayan garin Kano ne da raƙumi ɗaya da mutum mai rawani. Wani ɗan kasuwar kaset na unguwar Habbena ne ya ambaci sunan Malam, aka aiko masa, ya karɓa da murna. Ya daɗe yana rubuce-rubuce ba mai bugawa.

Sai dai aikin da sharuɗɗa ya zo. Mantau ba zai yi aure ba, ba zai mutu ba, ba zai yi arziki ba, ba zai bar tuƙi ba. Duk abin da kaset ya nuna shi ne gaskiya, littafi bin baya yake. Kuma duk wani sabon abu da marubuci ya ƙirƙira a cikin littafin Mantau ya zama na kamfani. Wannan na ƙarshe Malam bai ba shi muhimmanci ba. Ya ɗauka ana nufin sunan wani ƙauye ko wata waƙar direbobi.

Wahalar aikin ni shaida ce. In mun gama littafi sai mu ba wani direba, ya tsallaka da shi gadar Ngeli zuwa Kusiri ta Kamaru, ya bi ta Gamboru da Maiduguri har Kano. Bayan makonni ya dawo mana cike da jan alƙalami: Mantau ba ya magana haka, Mantau ba ya kuka, wannan wurin ya cika tunani, a ƙara faɗa. Akwai littafin da Malam ya gina kacokan a kan cewa Mantau shi kaɗai ne wurin uwarsa. Muna dab da gamawa sabon kaset ya iso, ga Mantau da ɗan tagwaicinsa, don kawai ɗan wasan yana sha'awar ya fito mutum biyu. Rabin littafin muka zubar. Na yi ta masifa har na ce ni na daina, shi kuwa ya koma gindin dalbejiya ya fara sabon babi. In littafi ya fito, fuskar ɗan wasan ce a bango, sunan Malam yana shafin ƙarshe da ƙananan haruffa kusa da na maɗaba'a. Mutane da yawa sun ɗauka ɗan wasan ne yake rubutawa. In na nuna ɓacin raina yakan ce, "Ni mai reno ne, Hajara, ba uba ba. Da magariba ake mayar da yaro gidansu, abin da ke kaina kawai in mayar da shi da wankakkiyar riga."

Da ya tsaya a haka da bai sha abin da ya sha ba. Amma a littafi na uku ya yi abin da ya bi shi har kabari: ya saka mahaifiyarsa a ciki.

Duk wanda ya tashi a Ridina ya san ta. Tana amarya ta baro ƙasar Katagum tare da mijinta, da jaki ɗaya, da niyyar aikin Hajji ta ƙasa, kamar yadda mutanen da suke yi. Suka iso nan, lokacin ana ce wa garin Forlami, tana da tsohon ciki. Suka ce a jira ta haihu. Ta haifi Zulai, suka ce a jira yarinya ta yi ƙwari. Kafin ta yi ƙwari ga cikin Haruna. Mijin ya kama ɗinki don a tara guzuri, guzuri bai taru ba har Allah ya karɓi abinsa. Ita kuwa ba ta taɓa yarda ta zauna ba. Ƙunshin tafiyarta yana ɗaure a kan gadonta, takan kwance ta shanya ta sake ɗaurewa. Duk matafiyin da ya rasa masauki, gidanta ake nuna masa, ta ciyar da shi ba ta tambayi ko sisi ba, sai dai ta tambaye shi labarin hanya. In aka ce, Iya yaushe za a wuce, sai ta ce gobe in Allah ya yarda. Da haka sunan Iya Gobe ya bi ta. Malam ya so ya biya mata kujerar jirgi, amma kullum kujerar tana gaban aljihunsa da taki ɗaya, kuma kafin ya cim mata ƙafafunta da idanunta sun gaza.

A littafin, motar Mantau ta lalace a Ridina cikin damina, ya sauka gidan wata tsohuwa mai ƙunshi a kan gado. Malam ya rubuta ta da irin ƙaunar da ɗa Bahaushe ba zai iya furta wa uwarsa baki da baki ba. Da na kai wurin sunan na tsaya da bugu na dube shi. Ya ce ai ba sunanta ba ne, laƙabi ne. Shi a ganinsa ya yi alkunya, tunda bai rubuta sunanta na yanka ba, sunan da ko a mafarki bakinsa bai taɓa kamawa ba. Abin da bai lura da shi ba, sunan yankan nan ba mai saninsa a duk unguwar in ban da su 'ya'yanta. Wanda ya ɓoye ɓoyayye ne tun asali, wanda ya rubuta kuwa shi ne sunan da kowa ke kiranta da shi.

Da farko abin ya yi daɗi. Masu iya karanta Hausar boko a nan ba su da yawa, saboda haka littafi ɗaya yakan zagaya gidaje, mutum ɗaya ya karanta jama'a su saurara. Ni na karanta wa Iya nata a tsakar gida bayan la'asar, mata sun kewaye mu, Yaya Zulai tana gefe tana tsinken zogale tana murmushi. Da na zo inda aka ce jakinsu ya ƙi tsallaka kogi, Iya ta ɗaga hannu ta ce ƙarya ake yi wa jaki, uban 'ya'yanta ne ya ji tsoron ruwa. Aka kwashe da dariya, Malam yana zaure yana jinmu. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na wannan makon ba, har zama ya yi ya sha shayinsa da zafi.

Littafin ya karɓu a Kano fiye da na baya, masu karatu suka riƙa tambayar tsohuwar nan. Kamfani ya ga abin riba, ya ɗauke ta ya saka a kaset na gaba, ba tare da ya tambayi kowa ba, domin bisa sharaɗi tasu ce. Amma tsohuwa mai ciyar da baƙi ba ta ba masu kallo dariya. Sai suka sami wata yarinya suka shafa mata toka a kai, suka baƙanta mata haƙora, suka mai da ita mai cin amanar matafiya. Tana ɗura ruwan rijiya a kwalba ta sayar a matsayin zamzam, tana lalube kayan baƙi in sun yi barci, in an zo karɓar ajiya ta ce a dawo gobe. Sunanta Iya Gobe, unguwarta Ridina, ƙunshinta a kan gado. Babu abin da suka canza sai halinta.

Kaset ɗin ya zagaya gidajen kallo cikin kwana kaɗan. Yara suka fara tsayawa a ƙofar gidan suna kiran sunan suna gudu. Yaya Zulai, wadda take sayar da turaren wuta a Habbena, mace ce da ba a taka ta a kwana lafiya. Har shagona ta zo ta same shi yana shifta. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta tsaya a ƙofa ta ce, "Haruna, uwar da ta haife ka ka kai kasuwa. Kalas, magana ta ƙare. Ni da kai sai a gaban Allah." Ta juya ta tafi. Ya daɗe a tsaye inda ta bar shi, sa'an nan ya ce in rufe aikin yau.

An so a ɓoye wa Iya, amma makanta ba kurumta ba ce. Ta ji yaran, ta tambaya, Malam ya durƙusa gabanta ya gaya mata komai bai rage ba. Matarsa ce ta ba ni labarin, tana wurin. Ta ce Iya ta tambaya ko a cikin wasan nasu sun bar ta ta tafi Makka. Ya ce a'a. Sai ta ce, "To kai ka kai ni a naka." Ya ce ya yi alkawari.

Wannan alkawarin ne ya hana Malam Haruna sukuni duk sauran rayuwarsa. Ya shirya ya tafi Kano da kansa. Ya dawo ya ce mini mai kamfanin ba mugu ba ne, ya karɓe shi hannu biyu, ya sauke shi a gidansa, ya rantse bai san tsohuwar mai rai ce ba, ya ba da haƙuri. Amma kaset ɗin da take ciki ya fi kowanne tafiya, kuma an riga an ɗauki wasu biyu. Da Malam ya roƙi a bar shi ya kai ta Makka a littafi na gaba, mutumin ya ce ba zai yiwu ba. In ta tafi a littafi, wata mai zuwa mai kallo ya gan ta a Ridina a kaset, wa zai gaskata? In kuma ta je ta dawo Hajiya, ba za su iya nuna Hajiya tana lalube kayan baƙi ba. Malam ya ce abin da ya fi ci masa rai shi ne, a ma'aunin sana'arsa mutumin gaskiya ya faɗa.

Na ce masa ya watsar da aikin. Na ce ya rubuta nasa littafin, ya canza mata suna, mu nemi inda za mu buga ko a Kusiri ne. Zanen aro ba ya rufe katara, haka na gaya masa, kuma har yau ina ganin ban yi kuskure ba. Ya ce in ya canza suna uwar wani zai kai, wadda ake yi wa dariya kuwa ta ci gaba da zama inda aka ajiye ta. In kuma ya ajiye aikin, gobe za a ba wani yaro a Kano wanda bai taɓa ganinta ba, ya rubuta ta daidai da kaset, ya zamana ko a takarda ba ta da mai kare ta. Saboda haka ya ci gaba da reno a gidan da aka ci mutuncin uwarsa.

Shekarun da suka biyo baya ba na son tuna su. Kowane sabon kaset ya iso, sai ya je gidan kallo ya zauna a baya ya gani da idonsa, jama'a na dariya, ya dawo ya fara kai da komo. Ba shi da ikon ƙaryata abin da aka nuna, to sai ya nemi abin da ba a nuna ba. In kaset ya nuna ta sayar da ruwan rijiya, littafi ya nuna wayewar gari, ta bi matafiyin har tasha ta mayar masa da abinsa. In kaset ya nuna tana lalube kaya, littafi ya nuna abin da ta saka a ciki bayan ta lalube. Wani jan alƙalamin Kano ya bari, wani ya soke. A kowane littafi kuma yana neman ya matsa da ita ko da taki ɗaya ne: ta gyara takalmanta, ta tambayi Mantau ko hanyar garin Ati, can gabas, tana da ruwa, ta raka shi bakin gari. Duk lokacin da ta kusa fita sai takardun su dawo da rubutu a gefe cewa Iya ba ta barin gari. Kuma gani ya kori ji. Mutum goma sun kalla, ɗaya ya saurari littafi, shi ma ɗayan in ka tambaye shi na kaset zai gaya maka.

Iya ta rasu a wata damina, ƙunshinta a ɗaure. A watan ne wani sabon kaset ya shigo, kuma akwai gidan kallo a bayan katangarsu. Ana zaman makoki da rana ana jiyo muryar wadda take kwaikwayonta, ana jiyo shewa. Maƙwabta suka je suka yi magana aka rage murya, amma wanda ya ji ya riga ya ji. Malam ya tashi daga cikin masu gaisuwa ya fita, har bakin kogin Shari ya kai da ƙafa kafin Isiyaka ya same shi. Yaya Zulai ta karɓi gaisuwar kowa ban da tasa. Daga nan suna gari ɗaya, in an yi biki ko suna a dangi, ta tambayi lokacin da zai zo don ta zo kafin nan ta tafi. Duk Sallah yakan je ƙofar gidanta ya yi sallama, a ce tana ciki, ya tsaya ɗan lokaci ya ajiye goro ya juyo. Bai taɓa fashi ba, bai kuma taɓa faɗin aibinta a gabana ba. Sau ɗaya na soma, ya ce ita ce babba, kuma ita ce mai gaskiya.

Sannu a hankali kasuwar Mantau ta mutu. Faifai ya kori kaset, masu kwafi suka cinye riba, ɗan wasan ya koma wani kamfani, jama'a suka sami sababbin abubuwan dariya. Wata rana Malam ya kira mai kamfanin a waya, mutumin ya ce sun daɗe da barin harkar, ya yi yadda ya ga dama da tsohuwar. Malam ya ajiye wayar ya ce, "Sun sakar mini ita bayan kasuwa ta watse." Babu mai bugawa, babu mai jira, yaran da suka yi ta kiran sunanta sun girma sun manta. Washegari ya zo shago ya ce in buɗe sabon shafi.

A babin farko Mantau ya ɗauke ta a gaban motarsa ya kai ta garin Masaget, zangon farko a hanyar gabas, ya sauke ta, ya yi mata sallama, daga nan bai sake fitowa ba. Sauran hanyar ita ce da ƙunshinta da ayarin da ta samu. Malam kansa bai taɓa wuce Ati ba, saboda haka yakan je tasha ya zauna da direbobi da fatake yana tambayarsu: wane irin ruwa ake sha a wuri kaza, wace bishiya ce a mashigar gari, me mutanen can suke ce wa baƙo. Ya ba ta kowane zango haƙƙinsa. Ta kwana, ta yi ƙawaye, ta yi zazzaɓi ta warke, ta yi gardama da mai jaki. Ban taɓa buga abin da ya kai wannan kyau ba, ban kuma taɓa buga abin da ya tayar mini da hankali kamarsa ba, domin a lokacin ciwo ya riga ya kama shi. Ƙafafunsa suka kumbura, mai kai da komo ya koma shifta a kan kujera, daga baya ni nake zuwa gida da takarda ya faɗa yana kwance, yatsunsa na motsi a kan bargo kamar har yanzu tafiyar yake yi.

Na ga inda abin ya dosa, na kasa yin shiru. Na ce Malam don Allah ka sa ta a jirgi daga Abeshe, shafi biyu ta sauka Jidda, ka cika alkawari, in ya so daga baya mu koma mu cike hanyar. Har kuka na yi masa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Hajara, tun kafin a haife ni take tambayar mutane labarin hanyar nan. Ki bar ta ta gani." Ranar Alhamis ɗin da ta gabaci rasuwarsa muka yi aiki na ƙarshe. Ya gaji da wuri, ya ce mu tsaya nan, ranar Laraba sai mu tsallaka iyaka da ita.

Ranar addu'ar uku ina cikin mata a tsakar gida aka ce Yaya Zulai tana kirana. Ta zo tun ranar jana'iza, ta zauna a ɗakin da Iya ta zauna, ba ta cika magana da kowa ba. Na shiga na durƙusa na gaishe ta, ina sane da cewa a wurinta ni ma da hannuna a ciki. Ta tsufa ƙwarai. Ta ce ta ji an ce yana wani rubutu a kan tsohuwa. Na ce haka ne. Ta ce, "Ina ya kai ta?"

Na ce, "Sun wuce Abeshe, Yaya. Tana Adre, a bakin iyaka. Ta hau tudu tana hango ƙasar Sudan."

Sai ta ce, "Ni ko bakin gari ban taɓa kai ta ba." Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi kukan da na san ba na kwana uku ba ne. Da ta lafa na tambaye ta ko in ƙarasa, tunda na san salonsa, na kuma san inda ya nufa. Ta girgiza kai. Ta ce kada in ƙara mata ko taki ɗaya, inda ya ajiye ta nan zai je ya same ta. Abin da take so kawai in riƙa zuwa Habbena ina karanta mata tun daga farko, a hankali, don ita ba ta iya karatun ba, kuma ba ta taɓa barin ya koya mata ba.

Na fara zuwa. Mun kai Ati a makon jiya. Kullum in na rufe takardun sai ta tambaye ni saura nawa, in ce da saura, mu duka biyu mun san inda zai ƙare.

Ya Allah, ga bawanka Haruna ya zo gare ka. Ka gafarta masa kuskurensa, ka yafe masa abin da ya yi da sani da wanda ya yi cikin rashin sani, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi, ka ba shi hutun da bai samu a duniya ba. Ka sa kowane harafi da ya koya mana ya zame masa sadaka mai gudana. Ka jiƙan mahaifiyarsa da mahaifinsa, ka rubuta musu ladan Hajjin da suka fito dominsa, kai ne mai duba niyya. Ka ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri, ka tsaya musu a inda ya bari. Ka sanyaya zuciyar Yaya Zulai, ka sada ta da ƙaninta a inda babu sauran fushi. Mu kuma da muke baya, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.